Salon Tururi: Duniyar Injina Masu Hayaƙi da Rabon Kogin Kwara a Cikinta

Yau za mu duba wani salo wanda yawancinku kun sha gani a fim, ko a gem, ko a hotunan da ake ɗorawa a fuskar waya, ko da ba ku san sunansa ba. Birni ne ya cika da hayaƙi da bututu, wani ƙaton jirgi mai kama da balan-balan yana ratsa gajimare, ga mutum sanye da tabarau irin na masu walda, hannunsa ɗaya na tagulla. Babu batir, babu caja, amma na'urori sai aiki suke yi. Turawa suna rubuta sunan wannan salo steampunk, ana furta shi sitimfank. Mu a nan za mu riƙa ce masa salon tururi.

Za mu ga ma'anarsa da asalinsa da yadda ake gane shi. Daga nan sai mu dawo gida, domin jirgin ƙarfe mai tururi na farko da ya yi doguwar tafiya a teku Kogin Kwara ya nufo, kuma sunan Hausa aka raɗa masa.

Mene ne salon tururi?

Tushensa tambaya ce guda: da a ce duniya ta ci gaba da dogaro da injin tururi da na'urori masu haƙoran ƙarfe, ba ta koma ga fetur da lantarki ba, da wane irin ci gaba za a samu? Marubuci ko mai zane sai ya ɗauki abin da muke da shi yau, kamar kwamfuta, jirgin sama ko mutum-mutumi, ya ƙera shi da kayan aikin mutanen da. Galibi ana kafa labarin ne a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901.

Sunan bai tsufa sosai ba. Wani marubuci ɗan Amurka, K. W. Jeter, shi ya ƙirƙire shi a 1987 cikin wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus, yana neman abin da za a riƙa kiran irin littattafan da shi da abokansa Tim Powers da James Blaylock suke rubutawa. Rabin farko na kalmar yana nufin tururi. Rabi na biyu kuwa laƙabi ne na matasan da ba su yarda a tsara musu komai ba, sai dai su yi da hannunsu. Ka riƙe wannan rabi na biyu da kyau, za mu sake buƙatarsa.

Kafin a sami sunan akwai kakannin salon. Jules Verne na Faransa ya fitar da labarin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Nautilus a 1870, H. G. Wells na Ingila kuma ya rubuta The Time Machine a 1895. Su suna hasashen gobe ne da kayan zamaninsu. Marubutan yanzu kuwa waiwaye suke yi, su koma wancan zamani su canza masa hanya.

Yadda injin tururi yake aiki

Kowa ya taɓa ganin murfin tukunya yana rawa idan ruwa ya tafasa. Dalili shi ne ruwa idan ya zama tururi yana neman wuri mai faɗi ƙwarai: lita ɗaya ta ruwa tana komawa kusan lita 1,700 ta tururi. Idan aka rufe tukunyar ruf, aka bar masa ƙofa ɗaya, duk abin da ya tare ƙofar sai ya tura shi.

Injin yana da manyan sassa huɗu. Akwai murhu, inda ake ƙona kwal ko itace. Akwai tukunyar ruwa. Akwai silinda, wadda fistin yake kai da komo a cikinta idan tururi ya tura shi. Sai kuma sandar da take mayar da wannan kai da komo ya zama juyawa. Idan kana son ganin sashe na ƙarshe da idonka, je shagon tela ka leƙa ƙarƙashin keken ɗinki na ƙafa. Ƙafar tela tana hawa da sauka, sanda tana karɓa, babbar ƙafar keken tana juyawa. Dabarar ke nan, sai dai a injin tururi, tururi ne yake aikin ƙafar tela.

Thomas Newcomen ya ƙera injin da ke zuƙe ruwa daga ramin ma'adinai a 1712. James Watt ya inganta shi, ya yi rajistar dabararsa a 1769. A 1825 aka buɗe layin dogo tsakanin Stockton da Darlington a Ingila, inda jirgin ƙasa mai tururi ya ja kaya da mutane. Har yau tururi bai yi ritaya ba: tashar lantarki ta Egbin da ke Legas gas take ƙonawa ta tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Ta Kainji kuwa ba ta buƙatar wuta, nauyin ruwan tafki ne yake juya nata.

Kwamfutar da ba a gama ba

Ga masu sha'awar rubuta manhaja, nan ne labarin ya fi daɗi. Charles Babbage, masanin lissafi a Ingila, ya fara tsara na'urar lissafi mai faifan ƙarfe masu haƙora tun a shekarun 1820. Zuwa 1837 ya zana wata wadda ta fi ta, ya raba ta gida biyu: ma'ajiya, inda lambobi suke zama, da injin niƙa, inda ake sarrafa su. Abin da muke kira memori da furosesa ke nan a wayarka. Umarni kuma da kati mai huji-huji za a riƙa ba ta, dabarar da ya aro daga wata masaƙa ta Faransa. A 1843 Ada Lovelace ta wallafa bayani a kan na'urar, har da jerin matakan da za ta bi ta warware wani lissafi. Shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarta a matsayin wadda ta fara rubuta manhaja.

Babbage ya rasu a 1871 bai kammala ko ɗaya ba. Kuɗi sun yanke, ga saɓani da maƙerinsa. A 1991 gidan tarihin kimiyya na Landan ya bi zanen ɗaya daga cikin na'urorinsa na lissafi ya ƙera ta, aka juya hannunta, ta ba da amsa daidai. Da aka haɗa mata sashen buga takarda a 2002, sassanta sun kai kimanin 8,000, nauyinta kusan tan biyar.

To da a ce ya gama tun yana raye fa? Wannan tambaya William Gibson da Bruce Sterling suka ɗauka suka rubuta The Difference Engine a 1990. A littafin, Landan ta 1855 tana da manyan kwamfutoci masu aiki da tururi, hukuma kuma tana amfani da su wajen tara bayanan jama'a. Ka ga matsalar da muke kuka da ita yau a intanet, an mayar da ita baya da fiye da shekara ɗari.

Alamomin da ake gane shi

Na farko, kayan ƙira: tagulla, jan ƙarfe, baƙin ƙarfe, katako, fata da gilashi. Da wuya ka ga roba.

Na biyu, cikin na'ura a fili yake. Ana ganin haƙora suna cizon juna, ana ganin bututu da noti da agogon auna ƙarfin tururi. Mai kallo yana iya bin aikin da ido daga murhu har zuwa farfela.

Na uku, sutura: doguwar kwat, malafar Turawan da, agogon aljihu mai sarƙa, da tabarau na kare ido daga tartsatsi.

Na huɗu, launi: ruwan ƙasa, ruwan zuma, da launin tsohon hoto.

Masu zane da yawa suna tsayawa a nan, su manna faifai masu haƙora a jikin hula ko rigar waya su ce sun gama. Ga hanyar da za ka gane ko mai zane ya san abin da yake yi. Faifai biyu da suka ciji juna, ɗaya dama yake juyawa, ɗaya hagu. Saboda haka idan ka ga uku kowanne ya ciji sauran biyun, na'urar ba za ta motsa ba ko kaɗan. Sannan idan mai haƙora 40 yana juya mai haƙora 10, duk zagaye ɗaya na babban, ƙaramin zai yi huɗu. Zane mai kyau yana kiyaye irin wannan lissafi.

Inda za ka same shi

A fina-finan zane na Japan akwai Castle in the Sky na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a 1986, da Steamboy na Katsuhiro Otomo a 2004. A Amurka akwai Wild Wild West na 1999, inda Will Smith ya kara da wani ƙaton gizo-gizon ƙarfe, da Hugo na 2011, labarin yaron da ke gyaran agogunan tashar jirgin ƙasa a Faris. Shirin Arcane da ya fara fita a Netflix a 2021 shi ma ya ɗebi kamannin salon da yawa. A ɓangaren gem akwai Dishonored na 2012 da BioShock Infinite na 2013. Wanda waya kawai yake da ita zai iya gwada The Room, gem ɗin buɗe akwatuna masu makullai da haƙora.

A wajen allo ma akwai shi. A birnin Nantes na Faransa, garin da aka haifi Verne, an ƙera giwa ta katako da ƙarfe mai tsayin mita 12 wadda take yawo da mutane a bayanta. Wasu masu sana'a kuma suna ɗaukar kibod ɗin kwamfuta su cire madannansa, su sa masa irin na tsohuwar tafireta a kan firam ɗin tagulla, kuma ya ci gaba da aiki.

Albarka a Kogin Kwara

Yanzu mu dawo gida. A farkon 1806 Mungo Park ya wuce ta Yauri a jirgin ruwa, ya halaka a duwatsun Bussa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yauri neman takardunsa, suka shafe makonni, daga baya suka bi kogin har suka tabbatar wa Turawa cewa a teku yake ƙarewa. Da labari ya isa Ingila sai 'yan kasuwa suka ga ƙofa ta buɗe.

A 1832 Macgregor Laird ya taso daga Ingila da jiragen tururi biyu. Ɗaya an sa masa suna Quorra, wato Kwara. Ɗayan, wanda aka ƙera jikinsa da ƙarfe, an sa masa Alburkah, daga kalmarmu ta albarka. Shi ne ake lissafawa a matsayin jirgin ƙarfe na farko da ya yi irin wannan tafiya a teku, kuma ya hau kogin har Rabba a ƙasar Nufe. Tafiyar ba ta yi wa masu ita daɗi ba: cikin Turawa 48, tara kaɗai suka tsira, mafi yawa zazzaɓi ya kashe su.

A 1857 wani jirgin tururin mai suna Dayspring, ɗauke da Dakta William Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace. A wancan lokaci, daga Jebba zuwa Bussa kogin cike yake da duwatsu da ruwa mai tsananin gudu, shi ya sa manyan jiragen tururi suka riƙa tsayawa a can ƙasa. Yauri ta ci gaba da harkarta da kwalekwale.

A tudu kuwa, an fara shimfiɗa dogo daga Baro a 1907, ya isa Kano a 1911. Jiragen tururi ne suka hau kogi da ƙarafan har Baro. Wani reshe ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Ƙasar Yauri ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Babban injin da ya sauya mata rayuwa sai daga baya ya zo: madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gina daga 1964 zuwa 1968. Tafkin ya haɗiye tsohuwar Bussa da duwatsunta da gungu-gungu masu yawa, aka tashi mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari da suka rasa gonakinsu na bakin ruwa.

Injin a hannun wa yake?

Wanda ya karanta wannan tarihi zai kalli hotunan salon tururi da wani ido. Mutumin nan mai malafa da agogon aljihu, a Landan gwarzo ne mai ƙirƙira. A bakin Kwara kuwa, irin jirginsa ne ya kawo kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin mulki a 1886, da bindigoginsa. Dogon da ake yabo, talakawa ne suka haƙa shi da diga, da yawansu bisa tilas, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi waƙa a kan aikin, wadda aka sani da Waƙar Diga. Idan muka kwafi salon yadda yake, muka sa wa kanmu malafar, to tarihin wasu muke yi wa ado.

Wasu marubuta sun riga sun juya tambayar. Nisi Shawl, a littafin Everfair na 2016, an koma Kwango ta zamanin Sarki Leopold na Beljiyam, aka ba mutanen ƙasar jiragen balan-balan, waɗanda aka yanke wa hannu saboda roba kuma aka ƙera musu na ƙarfe. P. Djèlí Clark ya rubuta A Master of Djinn a 2021, wanda ya ci kyautar Nebula. Labarin yana faruwa a Alƙahira ta 1912, Masar ta kori Ingila da taimakon aljanu ta zama babbar ƙasa, jarumar kuma mace ce mai binciken laifuka.

Ba kuma a Turai aka fara na'urori masu motsi da kansu ba. A 1206 Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori kimanin 50, har da agogon giwa mai aiki da ruwa da injinan ɗaga ruwa daga kogi. Kafin shi, 'ya'yan Musa bin Shakir su uku sun rubuta Kitabul Hiyal a Bagadaza a ƙarni na tara. A adabinmu ma ƙofar a buɗe take: Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934, ya haɗa yaƙin Turawa na gaskiya da duniyar aljanu, Umaru Dembo kuma ya kai mai karatu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969.

Yadda za ka gina naka daga Yauri

Mataki na farko, nemi mararraba a tarihi, wato wurin da za ka ce da a ce. Misali: da a ce bayan Dayspring ya lalace, fatake sun kwaso sassan injinsa sun kawo wa maƙeran Yauri, su kuma suka kwance shi suka gane kansa. Bayan shekara arba'in, ga ƙananan kwalekwale masu tururi, marasa nauyi, suna bi ta tsakanin duwatsun da suka gagari manyan jirage. Wannan ƙage ne, amma a kan gaskiya ya tsaya.

Mataki na biyu, yi amfani da kayan wurin. Tagulla daga Bida, jar fata daga hannun dukawa, shuni daga marina, ƙwarya, zuga-zugi da uwar maƙera. Rubutun jikin agogon injin ya zama da ajami. Usur ɗin jirgi ya yi kukan kakaki. Famfon tururi ya karɓi aikin jigo a gonakin albasa.

Mataki na uku, ka tambayi kanka wa zai biya farashi. A nan ne labari yake samun nauyi. Babu kwal a Yauri, kuma jiragen da suka yi aiki a Kwara ma itace suka fi ƙonawa. To dajin Ngaski zai ƙare ke nan, ko wata 'yar maƙeri za ta gano yadda za a ƙona ɓuntun shinkafa? Masu tuƙa kwalekwale da hannu, ina za su sami abinci? Sarkawa za su yarda da ƙarar da take korar kifi? Sirrin injin a fada zai zauna ko a maƙera? Wa ake sa wa ya tsaya gaban murhu yini guda, kuma da yardarsa? Fataken goro da ke tsallaka kogi kan hanyar Gwanja, nawa za a caje su? Idan Turawa suka iso a 1900 suka tarar da wannan, me zai faru? Kowace tambaya a nan za ta iya zama babi guda, ko mataki guda a gem.

Abin da ya haɗa wannan da wayarka

Ka tuna rabin sunan da muka ce ka riƙe. Abin da ya sa salon tururi ya sami masoya a zamanin wayar hannu shi ne kewar na'urar da mutum zai buɗe ya gane. Nokia ta da, da farce kake cire murfinta ka sauya batir. Wayoyin yanzu da gam ake liƙe su, sai mai gyara ya gasa bayan kafin ya ɗaga. Idan ƙaramin abu ya lalace, sau da yawa sai a ce ka sayi sabuwa. Wannan ya jawo fafutukar neman haƙƙin gyara a ƙasashe da dama. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ce daga 2027 ya zama mai kaya zai iya sauya batirin na'urarsa, ban da wasu nau'o'in da aka keɓe. Kamfanoni irin su Fairphone da Framework kuma suna ƙera waya da kwamfuta da ake kwancewa da sukudireba.

A wannan fanni ba a bar mu a baya ba. Bakaniken injin jirgi a bakin ruwan Yelwa ko Wara, mai injin niƙa da ya san lafiyar injinsa daga ƙararsa, masu ƙira a Panteka ta Kaduna, masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano, duk aikinsu ɗaya: su buɗe, su gane, su tayar da abin da aka ce ya mutu. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga daga ƙasa. A Kenya, Cyrus Kabiru ya yi suna a duniya da tabarau da yake ƙerawa daga kayan bola. Abin da wasu suke yi don ado, a wurinmu sana'a ce. Abin da ya rage shi ne mu zana shi, mu rubuta shi, mu sa shi a fim da gem.

Gwaji huɗu da za ka iya yi a wannan mako

1. Hoto. Zagaya unguwa ka ɗauki hoton na'urori biyar da ake ganin cikinsu: keken ɗinki, injin niƙa, dutsen guga na gawayi, famfon burtsatse, sarƙar keke. Nemi izinin mai kaya tukuna. Buɗe hotunan a Snapseed, rage launi, ƙara ɗumi. Ga kowane hoto rubuta layi biyu: daga ina ƙarfi yake shiga, ta ina yake fita.

2. Zane. A ibisPaint ko Canva, ko a shafin da kake koyon ginawa, gwada waɗannan lambobin launi: B5A642 na tagulla, B87333 na jan ƙarfe, 704214 na tsohon hoto. Ƙara shuɗin rini mai duhu don ya yi kama da namu. Idan da ƙirƙirarriyar basira kake haɗa hoto, ka sani in ka rubuta sunan salon kawai, Landan da malafa za ta ba ka. Sai ka faɗa mata komai dalla-dalla: kwalekwalen katako, ginin ƙasa, rawani, rubutun ajami.

3. Ƙira. Samu ƙwarya ko duma, yanka tsaga daidai kaurin wayarka, ka zura gefen da sauti yake fita. Ƙwaryar za ta tattara sautin ta turo shi gaba, yadda bakin garmaho yake yi. Yi mata gindi da katako, ka naɗe bakin da fata. Ka sami lasifikar da ba ta cin caji.

4. Karatu. Littattafan Verne da Wells sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ana sauke su kyauta a Project Gutenberg, kuma ba su cin data sosai.

Gargaɗi: kada ka rufe gwangwani ko kwalba ka ɗora a wuta da sunan gwada injin tururi. Zai iya fashewa, kuma ƙunar tururi mai tsanani ce. Kada ka huda ko ka lanƙwasa batirin waya, yana kamawa da wuta. Kada kuma ka lulluɓe bayan waya da farantin ƙarfe don ado, yana iya rage mata sabis.

Wanda yake da kaka ko kakan da ya ga tashin garuruwa a 1968, ya zauna da shi ya kunna rikoda. Ya tambaye shi yadda gungunsu yake, irin jiragen da ake sassaƙawa, da yadda ake ban ruwa kafin zuwan injin. Waɗannan bayanai ba za ka same su a Google ba, kuma da su ne za ka gina duniyar da babu wanda ya riga ka zanawa. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.